Ginko: Itacen Da Ya Rage Shi Kaɗai A Gidansu

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san wani irin kuskure da ba ya gyaruwa. A 1996, lokacin da aka fitar da takardar da ta tsara yadda shafukan intanet za su riƙa magana da na'urorinmu, an bar harafin r guda ɗaya a wata kalmar Turanci, aka rubuta referer maimakon referrer. Ko da aka so gyarawa, manhajoji bila adadin sun riga sun ginu a kan kalmar yadda take. Har gobe, idan mutum ya latsa mahaɗi daga wani shafi zuwa wani, galibi wannan gurguwar kalma ce wayarsa ke aikawa, kuma ba mai iya taɓa ta ba tare da ya rushe wani abu ba.

Masana ilimin tsirrai suna da nasu irin wannan, nasu ma ya girmi namu da kusan shekara 300. Daga 1690 zuwa 1692, wani likita Bajamushe mai suna Engelbert Kaempfer ya zauna a Dejima, ɗan ƙaramin tsibirin da ke gaɓar Nagasaki, inda nan ne kaɗai mahukuntan Japan suka yarda 'yan kasuwar Holan su zauna. A can ya ga wani itace mai ganye kamar mafici, wanda babu irinsa a Turai. Haruffan Sinanci biyu da ake rubuta sunansa da su ana iya karanta su ginkyo a bakin Japanawa. Amma da Kaempfer ya buga littafinsa a garinsu Lemgo a 1712, sai sunan ya fito Ginkgo, harafin g ya hau gurbin da ba nasa ba. A 1771 Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya shimfiɗa tsarin sanya wa halittu suna, ya ɗauki kalmar yadda ya tarar da ita, ya ƙara mata biloba, wato mai kunne biyu, saboda tsagar da ke tsakiyar ganyen. A 1797 James Edward Smith na Ingila ya ga sunan ya yi masa muni, ya sauya shi zuwa Salisburia don karrama wani masanin tsirrai ɗan ƙasarsu. Sabon sunan ya yi yayi na wani lokaci, daga baya ƙa'idar fifita sunan farko ta dawo da kuskuren Kaempfer mazauninsa. A nan za mu riƙa rubuta ginko, yadda baki ke furta shi.

Kuskuren suna ƙarami ne. Akwai wanda ya fi shi girma, shi ne yadda aka saba ba da labarin itacen: wai halitta ce da ta gagari zamani, ba ta sauya ba, ba ta kuma mutuwa. Abin da duwatsu suka adana ya nuna wani labari dabam, na babban gida da ya watse har ya rage mutum ɗaya, shi ma da ƙyar ya sha.

Gida mai mutum ɗaya

Ginko dogon itace ne, yakan kai mita 20 zuwa 35, wasu tsofaffin ma su wuce haka. Jijiyoyin ganyensa ba sa yin saƙa irin ta ganyen mangwaro ko kuka. Daga tushe suke tasowa, kowace ta rabu biyu, biyun su sake rabuwa biyu, har su kai bakin ganyen. Idan sanyi ya gabato sai ganyen ya koma rawaya jawur, ya zube cikin 'yan kwanaki. Kamar dabino da giginya, akwai namiji akwai mace. Ba ya fure, kuma abin da macen ke zubarwa mai kama da ɗan itace iri ne tsirara da ke lulluɓe da tattausar fata. Idan fatar ta ruɓe takan yi wari irin na man shanun da ya lalace. Ƙwallon da ke ciki kuwa ana gasa shi a ci a Sin da Japan da Koriya, ko da yake cin sa da yawa guba ne, musamman ga yara.

Masana suna jera tsirrai hawa-hawa: nau'i a cikin jinsi, jinsi a cikin dangi, dangi a cikin zuriya. Mangwaro da kashu, alal misali, dangi ɗaya ne. Tsirrai masu fure sun kai nau'i kusan 300,000. Dangin itatuwan fayin sun haura 600. Ginko kuwa, duk hawan da aka taka shi kaɗai za a tarar. Nau'i ɗaya ne a jinsinsa, jinsi ɗaya a danginsa, dangi ɗaya a zuriyarsa.

An ƙara gane nisan da ke tsakaninsa da sauran itatuwa a 1896. Sakugoro Hirase, wanda aikinsa na asali zana hotunan tsirrai ne a Jami'ar Tokyo, ya daɗe yana yanka irin wata macen ginko da ke lambun Koishikawa yana dubawa a madubin ƙara girma. A watan Satumba na wannan shekara ya ga abin da ba wanda ya zata: ƙwayar haihuwar namiji tana iyo a cikin ɗan ruwan da ke cikin irin, tana tuƙa kanta da ƙananan gashi kusan dubu. A yawancin tsirrai masu iri, ƙwayar ba ta motsi, wani siririn bututu ne ke kai ta har inda za ta. Iyo kuwa ɗabi'a ce ta tsofaffin tsirrai marasa iri, masu buƙatar damshi kafin su hayayyafa. A shekarar dai Seiichiro Ikeno ya ga irin wannan a saikad, wani tsiro mai kama da gajeren dabino. Har yau su biyun nan ne kaɗai aka sani da wannan hali a cikin tsirrai masu iri da ke raye. Itacen da Hirase ya yi aiki da shi yana nan tsaye a lambun.

Abin da duwatsu suka faɗa

Idan ganye ya faɗa cikin laka a bakin kogi, laka ta sake rufe shi, shekaru suka tara masa nauyi, yakan bar zanensa a jikin dutse, wani lokaci har da siririyar fatarsa. Irin wannan burbushi ne masana ke karantawa. Ganyaye masu kama da na dangin ginko sun bayyana a duwatsun zamanin Famiyan, kimanin shekara miliyan 270 da suka wuce, tun kafin dainaso su taka ƙasa. A zamanin Jurasik da farkon Kiretashiyos gidan ya cika ya batse. Akwai Baiera da Sphenobaiera masu ganye tsage-tsage kamar yatsu, akwai Karkenia da aka haƙo a Ajantina mai iri cunkus a kai ɗaya. An samu burbushinsu a Saiberiya da Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Da farko ma ba a gane su ba. Ganyayen da aka haƙo a gaɓar tekun Yorkshire a farkon ƙarni na 19 an ɗauke su na wani tsiro marar iri ne. Sai a shekarun 1870 Oswald Heer, masani ɗan Suwizalan da ke nazarin burbushin da matafiya ke kawowa daga Girinlan da Spitsbergen da Saiberiya, ya haɗa su da itacen da ke tsaye a lambunan Turai. Daga nan aka fara ganin ginko a matsayin burbushi mai rai. Kalmar ta Charles Darwin ce, a littafinsa na 1859, sai dai shi ba ginko ya kira da ita ba. Misalansa dabbar nan ce ta Ostireliya mai bakin agwagwa, da wani kifi mai huhu na Kudancin Amurka, ɗan'uwan gaiwar da muka sani tana kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo.

To amma ganye mayaudari ne. A jikin ginko guda, ganyen gajeren reshe yakan fito ba tsaga, na dogon reshe ya fito da tsaga mai zurfi, na ƙaramin tsiro kuma ya tsattsage sosai. Wanda ya tsinci ukun nan a duwatsu dabam-dabam zai iya ba su sunaye uku, kuma an sha yin hakan. Shi ya sa masana suka ware sunan Ginkgoites don ganyen da ya yi kama da ginko amma babu wata hujja bayan kamar. A sana'armu mun san wannan tarko. Manhajoji biyu za su iya yin kama ɗaya a fuskar waya alhali abin da ke aiki a ƙarƙashinsu ba ya da alaƙa, kuma manhaja ɗaya za ta iya sauya fuska sau goma cikinta bai motsa ba. Mai son sanin gaskiyar tsiro sai ya samu gaɓoɓin haihuwarsa, su kuwa ba kasafai suke zama dutse ba.

An samu wannan sa'a a mahaƙar kwal ta Yima da ke lardin Henan a ƙasar Sin. A 1989 Zhou Zhiyan da Zhang Bole suka bayyana Ginkgo yimaensis, mai shekara kusan miliyan 170, wanda aka samu ganyensa tare da rassan da ke ɗauke da iri. Shi ne mafi tsufa da aka tabbatar da zamansa ɗan jinsin Ginkgo ta wannan hanya. Kuma ya bambanta da na yau. Ganyensa ya tsattsage ƙwarai, irinsa ƙanana ne, da yawa a sanda ɗaya, kowane da nasa dogon mariƙi. Ginkon yau kuwa sandarsa iri biyu take ɗauka ba mariƙi, galibi ɗaya ne ke nuna, kuma babba ne.

Tsakanin wannan da masu kama da na zamani akwai giɓin shekaru kusan miliyan 100. A 2003 Zhou da Zheng Shaolin suka ba da labarin wani burbushi daga lardin Liaoning mai shekara kusan miliyan 121, wanda aka sa wa suna Ginkgo apodes, wato marar ƙafa. Irinsa har yanzu da yawa ne, amma mariƙan sun kusa ɓacewa, sun taru a kan sanda ɗaya. Idan aka jera ukun sai hanya ta fito: yawan iri yana raguwa, girmansa yana ƙaruwa, mariƙi yana gajarcewa. Sai a wajajen shekara miliyan 60 da suka wuce, a irin burbushin da aka samu a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ake ganin ginko mai siffar da za mu gane yau ba gardama. Ashe dai ya sauya. A hankali ya yi, kuma a sashen da ido bai cika kai wa ba.

Yadda ƙasa ta ƙure masa

Daga wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, tsirrai masu fure suka fara mamaye duniya, gidan ginko kuwa ya fara raguwa. Nazarin duwatsun da ake samun ganyensa a ciki ya nuna ya fi zama a bakin koguna, inda ambaliya ke share ƙasa lokaci zuwa lokaci. Irin wannan fili ne masu fure suka fi ƙwarewa a kai, domin suna saurin tsiro da saurin ba da iri, shi kuwa ginko sai ya shekara 20 zuwa 30 kafin ya fara. Masana da yawa suna ganin wannan gasa na cikin dalilan, wasu kuma suna ƙarawa da cewa dabbobin da suka saba haɗiye irin mai wari su kai shi nesa sun ƙare. Hasashe ne, ba a rufe maganar ba.

Ya tsallake halakar da ta share dainaso shekara miliyan 66 da suka wuce. A lokacin zafin da ya biyo baya ma ya bazu har can ƙuryar arewa, inda yau ƙanƙara ce zalla. Da duniya ta fara hucewa sai iyakarsa ta riƙa tsukewa. Ya ɓace daga kudancin duniya. A jihar Washington ta Amurka akwai gandun da aka keɓe saboda kututturan itatuwa da suka zama dutse a ƙarƙashin aman wuta shekara kusan miliyan 15 da suka wuce, har da na ginko. Bayan shekara miliyan 7 da suka wuce ba a sake ganin alamarsa a Arewacin Amurka ba. A Turai ya jure har wajen shekara miliyan 2.5 da suka wuce, lokacin da zamanin ƙanƙara ya kankama. Daga Japan ma ya ɓace. Abin da ya rage 'yan kwaruruka ne masu ɗumi da damshi a tsaunukan ƙasar Sin, inda ƙanƙarar ba ta kai ba.

Har yau ana muhawara kan ko akwai ginkon daji na ainihi, wanda hannun mutum bai taɓa ba. An daɗe ana nuna tsaunin Tianmu da ke lardin Zhejiang, amma wasu na ganin limaman addinin Buddha ne suka dasa na can. Tsaunukan Dalou a kudu maso yammacin ƙasar sun fi samun goyon baya. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya karanta ƙwayoyin gado na itatuwa 545 daga sassan duniya, ya nuna mafaka kaɗan ne a cikin Sin suka raya shi, kuma daga nan mutane suka yaɗa shi. Ginkon daji yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa tun 1998.

Hannun mutum

A rubuce, labarinsa ya fito fili a ƙarni na 11, zamanin daular Song, lokacin da mawaƙa irin su Ouyang Xiu da Mei Yaochen suka ambace shi a matsayin baƙon abu da ake kai wa fada daga kudu. Sinawa sun kira shi ƙafar agwagwa saboda ganyen, suka kuma kira shi itacen kaka da jika, domin wanda ya dasa ba lallai ya ci ba. Ƙwallonsa da kyawunsa suka sa aka dasa shi a gonaki da harabar wuraren ibada, daga nan ya shiga Koriya da Japan, inda Kaempfer ya tarar da shi.

A wajen 1730 aka dasa shi a Utrecht ta Holan. Na lambun Kew da ke Landan tun 1762 yake tsaye. A 1784 William Hamilton ya kai shi Filadelfiya, ya mayar da shi nahiyar da ya bari shekara miliyan 7. Abin dariya shi ne na farkon da suka girma a Turai maza ne, shekara da shekaru ba iri. Sai a 1814 aka gano wata mace kusa da Janeba, aka yanki rassanta aka yi wa namijin da ke lambun Montpellier aure da su, ya ba da iri mai tsiro a 1835.

Yau yana bakin titunan Tokyo da Seoul da Niyok, saboda yana jure hayaƙi da ƙwari da matsattsiyar ƙasa. A ranar 6 ga Agusta 1945, wasu ginko da ke tsakanin kilomita 1 zuwa 2 daga inda bam ɗin nukiliya ya fashe a Hiroshima sun ƙone, daga baya suka sake toho, kuma suna raye har yanzu. Wani bincike na 2020 da ya duba itatuwa masu shekara har 667 ya tarar sashen da ke ƙara wa gangar jiki kauri bai nuna alamar gajiya ba. Daga irin waɗannan ne aka gina labarin itacen da ba ya mutuwa.

Amma ƙarfin itace ɗaya dabam, tsirar zuriya dabam. Kowane ginko da ya mutu a Turai shekara miliyan 3 da suka wuce yana da wannan taurin rai, bai kuwa hana su ƙarewa ba. Zuriya tana buƙatar namiji da mace kusa da juna, da mai ɗaukar iri, da filin da ɗan tsiro zai samu shekara 20 ba a shaƙe shi ba. A nan ma darasin sana'armu ya shigo. Mun san ajiya ɗaya ba ajiya ba ce, mun kuma san kwafi dubu na fayil guda duk cuta ɗaya suke ɗauke da ita. Saboda warin irin, birane da yawa maza kaɗai suke dasawa, su ma daga 'yan zaɓaɓɓun iyaye da ake yankar rassansu ana ninkawa. Titi cike da ginko zai iya zama itace ɗaya da aka maimaita sau ɗari. Bambancin gado na gaske yana can a kwarurukan Sin, a wajen tsofaffin itatuwa ƙalilan.

Rajistar iska

Akwai wani amfani da jinkirin sauyinsa ya yi mana. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da tsiro ke shaƙar iskar kabon ta cikinsu. A 1987 Ian Woodward ya nuna cewa a tsirrai da yawa, idan iskar ta yi yawa a sarari sai ganye ya rage yawan ƙofofin, idan ta yi ƙaranci ya ƙara. Tunda fatar ganyen ginko tana da tauri har takan wanzu a dutse, kuma na shekara miliyan 60 yana kama da na yau, ana iya ƙirga ƙofofin tsohon a gwada da na sabon, a ƙiyasta iskar da ta wuce. Ganyen ya zama kamar kundin rajistar da manhaja ke rubutawa a ɓoye, wanda ba a buɗewa sai an shiga matsala.

Matsalar kuwa ta zo. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420. Masu son sanin inda muka dosa suna duba lokutan da duniya ta taɓa ɗaukar irin wannan nauyi. Sai dai awon yana tsaye ne kan zaton cewa tsohon ginko yana amsa iska kamar na yau, kuma mun riga mun ga bai kamata a karɓi kalmar bai sauya ba ido rufe. Shi ya sa masu bincike na cibiyar Smithsonian suka reni ginko a rumfuna na musamman a jihar Maryland, suna ƙara musu iskar kabon mataki-mataki, don su gwada ma'aunin kafin su dogara da shi.

Ginko ba shi kaɗai ya taɓa kaiwa bakin rami ba. Metasequoia sai da aka fara saninsa a dutse a 1941, kafin a tarar da shi a raye a wani ƙauyen Sin cikin shekarun da suka biyo baya. Fayin na Wollemi an gano shi a 1994 a wani kwari kusa da Sidni, manyan itatuwansa na daji ba su kai 100 ba. Abin da ya raba ginko da su shi ne ya haɗu da mutane da wuri, kuma yana da ƙwallon da ake ci da ganyen da ke ɗaukar ido. Wani manomi da ba a rubuta sunansa ba, a wani kwari na kudancin Sin, ya tsinci iri mai wari, ya wanke, ya binne a bayan gida, yana sane da cewa jikansa ne zai gasa. Itatuwan Utrecht da Kew da Hiroshima duk daga irin wannan hannu suka fito. Tsirrai da yawa da ƙasa ta ƙure wa yau ba su da ƙwallo mai daɗi, ba su da ganye mai kyau, kuma ba su da shekara dubu da za su jira wani ya so su.